Jiƙon Inna

"Shanye duka," in ji Inna, ta tura wa 'yarta Auta kofin jiƙo. "Sa'anninki na goyon 'ya'ya, ke kina rainon ƙari?"

Tun da likita ya ce Auta na da ƙari a mahaifa, mai yiwuwa shi ke hana ta haihuwa, Inna ta rantse ba mai sa wa 'yarta wuƙa. Da Auta ta daina ganin al'ada, Inna ta ce ƙarin ne ya toshe hanya, ta ƙara wa jiƙon ƙarfi.

Ranar da jini ya ɓalle, wani dunƙule ya faɗo, har guɗa Inna ta rangaɗa. Ta ja Auta asibiti don likita ya gani da idonsa.

Inna na zaune a benci a waje, ƙofar ɗakin hoto ba ta rufu sosai ba.

"Ƙarin yana nan daram," in ji likita. "Ciki ne ya zube."

Can sai muryar Auta: "Don Allah kar ka gaya wa Innata. Hawan jini gare ta."

Auta ta fito da murmushi, ta kama hannun Inna.

"Inna, maganinki ya yi aiki."