Safar Kwalin Madara

Mai kawo saƙo ya dire ƙunshin a bakin ƙofa yana dariya. "Yayan gwani, kayanka sun dawo. Amurkawan ma sun gane ka ke nan?"

Yayan ya ɗauki ƙunshin. Sati uku ke nan da ya sayar da wata safar hannu a intanet, lokacin da sunan ƙaninsa ya cika birninsu Santo Domingo, kowa na rububin kayansa. Ta kwalin madara ce, mahaifiyarsu ta ɗinka da zaren buhu, da ita ƙanin ya fara cafe ƙwallon besbol a lungu. Kafin kowane wasa sai tsohuwar ta shafa ta, ta yi addu'a. Yau za a sallamo ta daga asibiti, ƙusar bangon da ake rataye safar kuwa wayam.

Ya farke ƙunshin. Takardar mai saye gajeriya ce: "Safar ɗan wasa na saya, ka turo mini shara."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya goge sharar da gefen rigarsa, ya mayar da ita kan ƙusarta. Daga bakin titi ya jiyo muryar tsohuwar tana tambayar ƙarfe nawa za a fara wasa.