Tabon Guduma

"Ɗauke ƙazamin hannunka daga jikin motata!" Merle ya daka wa ƙanensa Lonnie tsawa a tsakiyar filin baje kolin tsofaffin motoci na Detroit.

Motar tsere ce da ubansu ya bar wa Merle, irin waɗanda kamfani ya ƙera 'yan ƙalilan don gudu kawai, ba rediyo, ba kujerar baya. Ranar jana'izar uban ya buɗe gabanta, ya tarar an lotsa ƙarfen gefen inji da guduma. Wa zai yi wannan in ba mai baƙin cikin gado ba? Tun daga ranar ya daina yi wa Lonnie magana. Shekaru ya yi yana buge ƙarfen, yana gogewa, har ya koma sumul.

"Kallo kawai na zo, Yaya."

"Kalli da kyau, mahassadi. Ɓarnarka ko alamarta babu."

Alƙalin da ke tantance motocin asali ya ƙaraso, ya zura hannu gefen injin, ya shafa, ya sake shafawa.

"Ina tabon gudumar?"

Merle ya buɗe ƙirji. "Na shafe shi tas."

"Malam, injin ya fi gurbinsa girma, sai da aka bubbuge wurin a kamfani kafin ya shiga. Da tabon nan muke gane ta asali. Wannan kam ba zan iya shaidarta ba."

Lonnie ya yi murmushi, giɓinsa ya bayyana.

"Abin da na faɗa maka ke nan ranar jana'izar Baba, ka cire min haƙori."