Hannun Wanzam a Cikin Randa

Tun da aka fara tsiro wa mutane gaɓoɓin da suka rasa, duk mai sabon hannu yana kiwon aksolotul ɗinsa, ƙadangaren ruwan da aka ɗebo tsiron daga jikinsa. Muddin dabbar na raye, hannun na aiki.

Aksolotul ɗin Wanzam Ɗanliti ya shekara goma sha huɗu a randa, don ruwan sanyi yake so. Kwana uku ke nan bai taɓa tanar da ake ba shi ba. Da safe Ɗanliti ya juye shi a tukunya, ya kai wa Likita Tasalla.

Ta leƙa tukunyar, sannan ta matsa babban yatsan hannun daman Ɗanliti, wanda aka tsiro masa. "Baba, ka ji?"

"Kamar ta cikin bargo."

"Tsufa ne. Ka riƙa yayyanka masa tanar, kada ruwan ya yi ɗumi. Da wuya suke wuce shekara sha biyar."

"To ki haɗa ni da wani mana!"

"Hannun ba ya karɓar wani, Baba."

"'Yata Kuluwa za ta haihu bayan Babbar Sallah. Ni zan yi wa jikana askin suna. Zai kai?"

Likita ta rufe tukunyar, ta miƙa masa.

A gida ya mayar da dabbar randa, ya zauna a zaure, ya kifa ƙwarya a gwiwarsa, ya shafa mata sabulu. Ya ɗauki aska da hagu don ya gwada aski. Jan farko, askar ta nutse cikin ƙwaryar.