Gajeren Layi

A zaɓen gwamna na waccan shekarar ba a sa akwati ba. Hotunan 'yan takara biyu aka kafa a filin makarantar firamare, kowa ya tsaya bayan na wanda yake so, a ƙirga kawuna a bainar jama'a. Ko labule babu, balle mutum ya ɓoye ra'ayinsa.

Iya ta iso rana ta take, tana jan ƙafarta mai ciwo. Layin Injiniya, ɗan unguwar, ya miƙe har bakin famfo. Na abokin hamayyarsa kuwa, inuwar bishiya ɗaya ta ishe su.

Ta gaji, gajiyar da kwanciya ba ta magani. Tun da aka fara kamfen tilon ɗanta yake kan hanya cikin ayarin motocin jam'iyya. An jefe su da duwatsu, an ƙona musu mota, ya dawo mata da ɗinki a goshi yana dariya. Ta san idan Injiniya ya ci, wannan rayuwar ce za ta ɗore, kuma wata rana ba ɗinki za a kawo mata ba.

Mutanen dogon layi suka dare, suna ba ta wuri a gaba. Ta wuce su sumum, ta shiga inuwar bishiyar.

Telan unguwa ya rugo ya durƙusa. "Iya, ido ne? Namu layin ga shi can."

"Idona garau, ɗan nan. Koma kar a ƙirga babu kai."

Fili ya cika da ƙus-ƙus. Ta san daga yau gaisuwa za ta yi mata wuya a unguwar, wataƙila har a cikin gidanta. Ta gyara tsayuwa kawai.

Matar da ke gabanta baƙuwa ce, ba ta daɗe da tarewa ba. Ganin an samu ƙari, sai baki ya buɗe. Ta nuna hoton Injiniya da haɓa.

"Dube shi don Allah, sai murmushi. Siyasar nan sai ta ci kansa. Ni dai uwar da ta haife shi ta yi asara."

Iya ta daɗe tana kallon hoton.

"Ba ta yi ba tukuna, 'yar nan. Shi ya sa ta tsaya a bayanki."