Amanar da Aka Kai Danja

Tunda ka karɓi makullin mota, zauna ka ji wannan kafin ka tayar. An yi wani direban haya a tasharmu, mutum mai sanyin ƙafa, har abokan sana'a na yi masa tsiya wai da shi da jaki ba a san mai riga isa ba. Amma saboda wannan sanyin nasa ne duk mai tsohuwa ko mai jego shi yake nema. Wata safiya maƙwabcinsa ya kawo mahaifiyarsa za ta birni ganin likitan ido, ya zaunar da ita a baya, ya ce masa, "Ga amana nan." To, a bakin birni akwai inda ƙaramar hanya ke hawa ta shiga babban titi, an kafa danja a wurin don a riƙa sakin motoci kaɗan-kaɗan. Kullum a nan yake tsayawa. Ran nan yana isowa koriyar wuta ta koma ruwan ɗorawa, na bayansa ya danne hon ba sassauci, wani fasinja a gidan gaba ya yi tsaki ya ce, "Haba direba, ko motar ma azumi take?" Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama shi, ƙafar da ta nufi birki ta koma kan totur. Tirelar da ke kan babban titi kuwa ba ta san ana raha ba, ta daki bayan motar.

Mai hon ya kauce ya wuce abinsa. Mai tsakin ya kakkaɓe riga ya tari wata mota. Tsohuwar da ba ta ce uffan ba, ita ce ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba. Ɗanta bai kai ƙara ba, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi ƙaddara ce, kuma wallahi wannan ya fi zagi ciwo. Direban nan ya sayar da motar, ya yi ta jigilar asibiti, ya je gaisuwa har kunya ta fara hana shi. Na sha ganinsa da hantsi, idan an fito da ita shan rana a ƙofar gida, yana sauya hanya yana share ido. Har yau abin na damuna, don mutumin kirki ne.

Gaskiyar Hausawa: tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.