Tukwanen Maigida Sun Tsiro

"Kar wanda ya taɓa mini tukunya!" Wata da watanni maigidana yana mana wannan tsawa. Irin kwakwa da danginta ya yo oda daga ƙetare, ya shuka a tukwane, ya cika tsakar gida. Ko shanya ya hana ni.

Ranar da suka tsiro ya tara abokansa yana ta bayani: "Wannan daga wani tsibiri take."

Surukata ta leƙo tana taunar dabino. "Af, sun fito? Ai naka tuni suka ruɓe na zubar. Tausayinka na ji, duk dabinon da na ci sai in cusa ƙwallon ciki."

Wani abokinsa ya gyara murya. "Wane tsibiri ka ce?"