Fasinjan Tsakiya

Motar Birnin Gwari, wata Golf ta haya, ba ta gama fita daga tashar Mando ba Suhaibu ya buɗe musun siyasa. Shi ne shugaban matasan jam'iyyar adawa a Birnin Gwari, in ji shi, kuma rigar jikinsa ɗauke take da hoton ɗan takararsu na majalisar tarayya, Injiniya Mustapha Kazage, saurayi siriri mai baƙin gashi yana murmushi.

Malam Japheth, tsohon hedimasta da ke zaune kusa da direba, ɗan gwamnati ne. Ya ce jam'iyyar da ke da shugabanni uku a Abuja, kowanne da takardar kotu a aljihu, ba ta isa ta riƙe ƙasa ba. Suhaibu ya ce gara uku masu faɗa da ɗaya mai barci. Daga nan suka koma kan wanda zai ja gamayyar adawa, ɗan Arewa ko ɗan Kudu, suna ta kumfar baki kamar su za a kira su zaɓa.

A kujerar baya, jikin taga, Tasalla ce da buhun busasshen kifi tsakanin ƙafafunta. Da manomiyar masara ce. Damina uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe su daga gona, suka kashe mijinta a kan kunyar masara, ta koma sarin kifi. Sauri take ta isa gida, domin yau Injiniya zai yi taro a Birnin Gwari, kuma an ce mata ɗan garinsu ne. Tana so ta tsaya gabansa ta tambaye shi ranar da za ta koma gonarta.

Tsakaninta da Suhaibu wani mai tumbi da sanƙo ne ya hakimce. Tun a tasha ya ƙi zama jikin taga. Jallabiyarsa ta koɗe, amma takalminsa ba irin na masu shiga Golf ba ne. Ya toshe hanci da baki da hankici, yana hararar buhun kifi.

Bayan Buruku daji ya fara haɗuwa, gidaje suka yi nisa da juna. Mutumin ya leƙa ta gefen Tasalla.

"Wai mutane na zama a nan?"

"Har haihuwa suna yi," in ji ta.

"Ke daga ina?"

"Kazage."

"Ta nan wajen take?"

Suhaibu ya tuntsire da dariya. Ya ce wanda bai san Kazage ba ya yi shiru in ana maganar siyasa. Ya bugi hoton da ke ƙirjinsa, ya ce ga ɗan Kazage na asali, wanda ya yi noma da hannunsa, wanda ya rantse zai shiga dajin nan da ƙafarsa. Makon jiya ma, in ji shi, kwano ɗaya suka ci tuwo da Injiniya. Malam Japheth ya ce shekara talatin yana koyarwa a yankin, bai taɓa cin karo da Injiniyan ba ko a gidan gaisuwa. Mai hankici ya duƙar da kai yana danna waya.

Sun wuce Udawa kaɗan sai direba ya taka birki. Babura biyar sun fito daga daji sun tare titi.

Tasalla ta fara salati a hankali. Malam Japheth ya haɗa hannuwa. Shi kuwa mai tumbi ya zame ƙasa tsakanin kujeru, ya fizge agogonsa ya cusa cikin buhun kifi, ya ja gefen hijabin Tasalla ya rufe kansa.

"Baba, in sun tambaya ki ce ɗanki ne, ba ni da lafiya."

Alhali mutumin ya girme ta da shekara goma.

Baburan suka tsallaka titi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da buhun gawayi a baya. Na ƙarshe ya ɗaga wa direba hannu.

Tasalla ta janye hijabinta ta kakkaɓe. Mutumin ya hau kujera yana haki, ya ce wannan ba wurin zaman ɗan Adam ba ne, duk wanda ya zauna a nan shi ya so, kuma da a hannunsa abin yake da an kwashe kowa an bar wa namun daji.

"Mijina a nan yake kwance," in ji Tasalla. "Shi ma a kwashe shi?"

Suhaibu ya ce irin waɗannan ragwayen na birni su suka kashe ƙasa, kuma da Injiniya ne a motar da ya fita ya tari baburan. Karo na farko Malam Japheth ya yarda da rabin maganarsa.

A bakin gari jama'a sun cika titi da ganguna da tutoci. Wata baƙar jif da ta wuce su tun a Buruku tana tsaye a gefe. Suhaibu ya dira kafin mota ta tsaya, ya ruga yana kirari, ya buɗe ƙofar jif. Ba kowa ciki sai direba.

Shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ya ratsa taron. Ya wuce jif, ya wuce Suhaibu, ya zo ga Golf ya rusuna wa mutumin da hannunsa ke cikin buhun Tasalla yana lalube.

"Barka da zuwa gida, Injiniya. Mutanen Kazage tun safe suke jiran ɗansu."